Ranar da Surukina Ya Kulle Dawakin Sarki

Surukina, Barnaby Scruton, shi ne yarin dabbobin garinmu Selwick, kuma tun kafin a haife ni makullin kurkukun dabbobi ke rataye a wuyansa. Duk dabbar da ta ɓalle ta shiga gonar wani, ko ta faɗa fadamar gari kafin ranar buɗe ta, shi zai kamo ta ya jefa a kurkukun dabbobi, wani zagayayyen ginin dutse da ke tsallaken kogi, gab da fadamar. Ba ta fita sai mai ita ya zo da ƙafarsa, ya tuɓe hula, ya faɗi kamanninta da tabonta, ya rantse tasa ce, ya biya ɓarna. A wasu garuruwa tsoho ake nema a ba shi wannan aiki don ya samu na burodi, shi kuma ya riƙa kau da kai idan saniyar maƙwabci ce. Mu Allah ya haɗa mu da Barnaby.

Gajere ne mai faɗin ƙirji, ƙafafunsa a lanƙwashe kamar yana kan ganga, kuma ban taɓa ganin ya kalli mutum a fuska ba muddin akwai dabba a kusa. Ba shi da aboki, bai kuma nema ba. Ya kulle saniyar limamin coci. Ya kulle dinyoyin ƙanwarsa, har ta koma ga Allah ba ta ƙara gaishe shi ba. Wata shekara aladensa na kansa ya shiga kabejin maƙwabta. Sai ya kama shi ya kulle, ya koma gida ya sa rigar zuwa coci, ya dawo bakin ƙofar, ya tuɓe hula, ya zayyana wa iska kamannin aladen, ya rantse, sannan ya buɗe wa kansa. Mutane da yawa sun gani, ba ji na yi ba.

Ni kuwa, Miles Haddow, ta hanyar tunkiya na shiga gidansa. Na ɗan yi makarantar coci har na iya karatu da rubutu, kafin malamin ya ce ya gaji da ganin haƙorana. Na gwada ƙera ganguna, na gwada gasa burodi, na bi masu kora shanu zuwa kudu na dawo ba takalmi. Ina zaune a gida ne uwata ta aike ni karɓo tunkiyarta da aka kama.

"Faɗi kamanninta," in ji Barnaby.

"Fara ce. Ƙafarta huɗu."

"Je ka nemo wanda ya san ta."

Haka na yi ta zarya, har wata rana 'yarsa Sibyl ta leƙo ta taga ta raɗa min cewa kunnen hagun a tsage yake. Na karɓi tunkiya, amma ban daina zaryar ba. Da na nemi aurenta kowa ya ce zai kore ni da sanda. Sai ya yarda nan take, wai gara in zauna inda idonsa ke kaina da in riƙa gantali a gonakin mutane. Muka tare a gidansa, wanda ba nasa ba ne, na gari ne, manne yake da bangon kurkukun. Wanda ke riƙe da makulli shi ke kwana a ciki.

Da yaƙi ya tashi tsakanin Sarki da Majalisa, Selwick ta bi Majalisa. Masaƙa da majema suna da dalilansu, sauranmu kuwa mun ji cewa garin da ke maƙwabtaka da mu ya bi Sarki, wannan ya ishe mu. An tambayi Barnaby ɓangarensa, ya ce bai ga dabbar ko ɗaya daga cikinsu a fadama ba tukuna.

Abin da ya jawo mana tsiya ba yaƙin ba ne, alade ce. Magajin gari, Josias Crabtree majemi, yana da mata mai ji da kanta, ita kuma tana da wata ƙatuwar alade da take ji da ita fiye da mijin. Aladen ta kutsa fadama a watan Yuni, ciyawa ta kai ƙugu, kowane gida na jiran yankin da zai yanka ya shanya, don da wannan ingiricin shanu ke fita hunturu. Barnaby ya kulle ta. Uwargida Crabtree ta aiko baiwarta, ya mayar da ita. Ta aiko mijin, ya ce masa aladen ba tasa ba ce, kowa ya sani. Dole ta zo da kanta, ana tashi daga coci, rabin gari na biye da ita, ta tsaya tana bayanin tabon da ke gindin alade. Ba a yi mako ba dattawan gari suka zauna suka yanke cewa Barnaby ya tsufa. Ranar buɗe fadama, farkon Agusta, za a karɓi makulli a ba Crispin, ɗan ƙanwar uwargidan, a haɗa masa da gidan.

Lokacin cikin Sibyl ya fito sosai. Uwata ɗaki ɗaya gare ta, kuma ta riga ta sanar da ni cewa ta yi nata rainon. Na ce wa Barnaby ya je ya ba da haƙuri.

"Haƙurin me?"

"Baba, ko na ƙarya ne. Rufin nan muke so."

"Aladen tana cikin fadama ko ba ta ciki?"

"Tana ciki."

"To wuce ka ɗebo ruwa."

Ana cikin haka, wata safiya a watan Yuli, saura kaɗan a sa lauje a ciyawa, ƙararrawar coci ta kama bugawa ba ƙaƙƙautawa. Mutanen Sarki ne tafe. Ni da Sibyl muka tsallaka gada muka shige gari. Barnaby ya ce shi ba a buga masa ƙararrawa, ya ci gaba da shan kunun hatsinsa.

Aka toshe gada da amalanke da gangunan giya da bencinan coci, har da gadon wani da matarsa ta yi ta kuka a kai. Makamanmu bindigogin harbin agwagwa ne, da laujuna, da manjagara. Ni aka miƙo min wani dogon mashi wanda duk juyin da na yi sai na kwashe hular wani. Sojojin irin waɗanda ke zuwa a kan doki ne amma su sauka su yi faɗa a ƙasa. Suka sauka can inda ba ma ganinsu, suka taho a jere ta bakin kogi, suka fara harbi. Harsashin farko ya fasa gangar giya. Mutanen da tun safe ake roƙo su matso gaba suka matso da kansu.

Sai ga Sibyl ta ja ni ta gefen riga.

"Baba bai shigo ba?"

"Ya ce sai ya gama kunu."

"Ajiye sandar nan ka je ka taho da shi."

"Sibyl, gari nake tsaro."

"Gari zai fi tsaruwa idan ba ka nan. Ɗazu ka kusa tsone wa Magaji ido."

Na bi ta bayan gidan niƙa, inda ruwan bai wuce gwiwa ba, wurin da baƙi ba su sani ba. Na tarar da gida a buɗe, ƙoƙon kunu a kan tebur, sandarsa ba ta jingine a inda take. Da na zagaya baya sai na ga abin da ya fitar da shi. Dawakin sojoji, sun kai arba'in, suna tsakiyar fadamar Selwick, ciyawa har ciki, suna ci suna tattakewa. An sarƙa linzamin kowanne a na ɗan'uwansa, jeri-jeri, aka bar masu tsaro. Masu tsaron sun hango shagon giyar bazawara Marrable a bakin hanya sun tafi duba lafiyarta, suka bar mutum ɗaya, wani dattijo mai ƙaton hannu da ake kira Hob, wanda kallo ɗaya za ka yi masa ka san daga bayan garma aka ɗauko shi. Barnaby na tsaye a gabansa.

"Dawakin wa?"

"Na Sarki ne, baba."

"Sarki yana da yanki a fadamar Selwick?"

"Ban sani ba."

"Ba shi da shi. Wane wata muke?"

"Yuli."

"A garinku ana sa doki a fadama a Yuli?"

Mutumin ya sunkuyar da kai, ya cire hular ƙarfensa ya riƙe a ƙirji. "Na faɗa musu fa. Na ce wannan ciyawar yanka ce, ba ta kiwo ba. Kofur ya ce in rufe bakina."

"To kama wancan jerin. Kai kuma," ya juyo gare ni, "tunda Allah ya kawo ka, kama na bayansa."

"Baba, yaƙi ake yi. Ba ka jin bindiga?"

"Ina ji. A gada suke yi, ba a fadama ba."

Na rantse na so in gudu. Amma in koma in ce wa Sibyl me? Na kama linzami. Doki idan an sarƙa shi, ka ja na gaba sauran su biyo, haka muka yi ta kai su muna kwancewa a bakin ƙofa muna turawa ciki. Kurkukun an gina shi ne don 'yan shanu da tumaki, ba don rundunar Sarki ba. Muka yi ta cusawa har ba wurin da doki zai kaɗa wutsiya. Ta ƙarshe wata kyakkyawar goɗiya ce kili, sai da ni da Hob muka sa kafaɗa a bayanta kafin ƙofar ta rufu. Barnaby ya murɗa makulli, ya mayar wuya, ya ɗauko kujerarsa ya zauna a bakin ƙofa.

Sai aka tsuge da ruwa. Bindigogin nan da lagwani mai wuta ake tayar da su, ruwa ya kashe na kowa, namu da nasu. Daga inda muke muna jin harbi ya koma zagi, ana jifan juna da shi ta kan kogi, kuma a nan Selwick ta fi su makami, don matan majema sun iso. Can sai ga sojojin sun juyo, a jiƙe, suna neman dawaki. Suka tarar da fadama ba komai sai kashin doki.

Shugabansu, Kyaftin Marwood, saurayi ne da bai girme ni sosai ba, gashinsa har kafaɗa ya manne masa a wuya, gashin jiminar da ke hularsa ya langaɓe kamar jelar kaza. Ya bi sawu har ƙofarmu. Ni ina bayan itacen tuffa, ina ƙoƙarin zama reshe.

"Wa ya sace min dawaki?"

Barnaby bai tashi ba. "Ba sata aka yi ba, ranka ya daɗe. Kamu ne."

"Kamu."

"Sun ci ciyawar gari kafin a buɗe fadama. Kowa ya zo ya faɗi kamannin nasa."

Kyaftin ya dube shi, ya dubi Hob da ke tsaye da hula a hannu, ya juya ga sajensa. "Fasa ƙofar nan."

Saje ya sosa gemu. "Ranka ya daɗe, kurkukun dabbobi ne fa."

"Ina da ido."

"Wani kawuna ya taɓa fasa na garinmu saboda ɗan maraƙi. Shekara nawa yanzu, har yau jikokinsa ba su da wurin zama a gaban coci."

Na leƙa fuskokin sauran. Mutanen nan an ce sun ƙona rumbuna a hanya, sun kwashe azurfar coci a wani gari, sun cinye kajin duk ƙauyen da suka ratsa. Amma dukansu 'ya'yan ƙauye ne, kowa da irin Barnabyn da ya tsorata shi tun yana yaro. Sai kallon ƙasa suke yi, wannan na gyara ɗamara, wancan na zubar da ruwa daga takalmi.

Kyaftin ya ce a kawo igiya. Aka wurga ta a kan itacen tuffar da nake bayansa, abin da ya sa na canza wuri.

"Idan rataya ce, ba a wannan reshen ba," in ji Barnaby. "Yana da 'ya'ya."

Ina ganin kyaftin bai taɓa rataye kowa ba, don ya tsaya yana kallon igiyar kamar ita za ta gaya masa abin da ake yi daga nan. Sai ya fasa, ya fizge makullin daga wuyan tsohon, ya buɗe kwaɗon da kansa, ya tura. Ƙofar kurkuku ciki take buɗewa, don kada dabba ta banke ta. Yanzu kuwa gindin dawaki arba'in ne a jingine da ita. Ya tura, ya sa kafaɗa, ya yi wani zagi da ban san masu gashin jimina sun iya ba. Da ƙyar ta buɗe daidai wucewar doki ɗaya. Kafin ya miƙe, Barnaby ya riga ya tsaya a tsakiyar wurin, sanda a gicciye.

Kyaftin ya waiwaya don ya ba da umarni, sai ya ga abin da har in mutu ba zan manta ba. Sojojinsa sun shiga layi. Ba wanda ya ce su yi. Layi ɗaya miƙaƙƙe tun daga ƙofa har bakin rijiya, kowa hularsa a hannu, ruwa na dukan kawunansu.

"Na gaba," in ji Barnaby. "Kamanni."

"Ja ne, baba."

"Doki ko goɗiya?"

Sojan ya waiwayi saje. Saje ya kalli sama.

"Tun yaushe yake hannunka?"

"Tun Asabar. Ta wata gona muka biya, mai gonar ba ya nan, wato yana nan amma..."

"Koma baya."

Ya koma ƙarshen layi. Na biyu ya ce nasa yana da wutsiya doguwa. Na uku ya ce nasa sunansa Tom, ko dai na ɗan'uwansa ne Tom. Ashe kusan duk dawakin na manoma ne da aka ƙwace a hanya. Kyaftin yana ta ihun su bar layin su ture tsohon, su kuwa kowa na tsoron ya rasa wurinsa.

A nan ne muka ji ganga daga kan tudu, ta hanyar arewa. Mutanen Majalisa ne, an aika musu tun safe, sai yanzu suka ga damar isowa. Layin ya fara motsi daga baya.

Goɗiyar nan kili ta saƙalo kai ta saman kafaɗar Barnaby ta yi haniniya. Fuskar kyaftin ta canza.

"Wannan tawa ce. Ba ni ita."

"Kamanni."

"Kili ce, ka gani ai. Akwai tabo a ƙarƙashin gwiwarta ta hagu, haƙorin garma ne ya yanke ta tana 'yar shekara, ni na ɗaure mata. Idan ka shafa kunnenta na dama tana cizo. A gidanmu aka haife ta."

Barnaby ya sunkuya ya duba gwiwar. Ya shafa kunnen, ya janye hannu da sauri.

"Hula."

Gangar na matsowa. Kyaftin ya cije leɓe, ya tuɓe hular, ya rantse, ya jefa masa safar hannunsa ta fata a bakin ɓarna. Barnaby ya jawo goɗiyar ya miƙa masa linzami da hannu biyu, yadda yake miƙa wa kowa. Da ya hau sai ya juyo, ya ɗaga murya yadda har na kan gada suka ji.

"Zan dawo garin nan. Duk wanda na tarar da makullin nan a wuyansa, a kan gadar can zan rataye shi."

Ya bi mutanensa, waɗanda suka riga suka yi nisa a ƙafa, da manyan takalman hawa, suna ta santsi a taɓo. Hob bai bi su ba. Ya ce ciyawar da ta kwanta idan aka yanke ta da wuri ba za a yi asara sosai ba, ya tambayi inda muke ajiye lauje.

Da rana ta karkata surukina ya zama gwarzo. Aka ɗauko shi a kafaɗa aka tsallaka gada da shi, yana ta cewa a sauke shi. Limamin coci ya yafe masa saniyar a bainar jama'a. Uwargida Crabtree da kanta ta yanka masa burodi da cuku. Na matsa kusa da Sibyl na ce, "Rufinmu ya tsira." Ta ce in bari tukuna, ta fi ni sanin ubanta.

Masu ceton namu dakarun ƙasa ne, manyansu kaɗai ke da dawaki, uku. Shugabansu Laftana Pettifer, siriri mai askakken kai, da Littafi Mai Tsarki a ɗamara, ba ya dariya. Da suka iso suka shiga gari cin abinci, yaransa suka kwance dawakin uku suka sake su su huta. Ba sai na faɗi inda suka sake su ba. Ana tsakiyar shan giya aka nemi Barnaby aka rasa.

Da muka koma gida ni da Sibyl, mun tarar da kurkuku a cike kamar yadda muka bar shi, dawakin Majalisa kuwa a ɗakin girkinmu. Ɗaya ya sa baki a buhun gari, ɗaya yana lasar tukunya.

"Baba," in ji Sibyl, "a ina zan yi girki?"

"Akwai wuri ta gefen baƙin."

Laftana ya iso da Magaji a bayansa yana haki. Ya fara da godiya, ya ce Allah ya yi amfani da bawansa mai rauni ya ba Majalisa dawaki arba'in, a buɗe ya kwashe, a kuma fito masa da nasa.

"Na cikin kurkuku ba na Majalisa ba ne," in ji Barnaby. "Ɓatattu ne, suna jiran masu su. Naka kuwa, hula, kamanni, rantsuwa."

"Ba na tuɓe wa ɗan Adam hula. Ba na kuma rantsuwa, addinina ya hana."

"To dokinka yana nan lafiya."

"Barnaby," in ji Magaji a hankali, "waɗannan namu ne fa."

"Ciyawar ma tamu ce."

Da kyaftin Sarki ne da ya sake neman igiya. Laftana kuwa mutumin doka ne, ya ce don doka ya ɗauki makami, ba zai fasa kurkukun gari ba sai da izinin na sama da shi. Ya tura manzo, a ƙafa, tunda ba doki. Shi kuma ya zauna a gidan Magaji yana cin abincinsu yana gyara musu addu'a.

Kafin manzo ya dawo ranar kasuwa ta zo, mai shela ya yi abin da yake yi duk ranar kasuwa, ya sanar cewa akwai ɓatattun dabbobi a kurkukun Selwick. Washegari hanya ta cika da manoma, wasu daga garuruwan da ban taɓa jin sunansu ba, har da na garin maƙwabtanmu masu bin Sarki. Kowa ya tuɓe hula ya kwatanta nasa tun daga goshi har kofato. Wani tsoho bai ma iya magana ba, dokin ne ya kama haniniya tun yana nesa, amma sai da Barnaby ya sa shi ya share hawaye ya faɗi kamanni. Lokacin da izini ya iso, abin da ya rage wa Majalisa gurgu ɗaya ne da wata tsohuwar goɗiya mai tari.

Nasa dawakin kuwa, laftana ya yi dogon tunani ya gano cewa ɗakin girki ba kurkuku ba ne. Ya sa aka cire tagar da bangon da ke ƙarƙashinta aka fito da su ta nan, don kada a ce ya taɓa ƙofa. Kafin ya tafi ya tara mutane a kan gada ya sanar, ba tare da ɗaga murya ba, cewa mai riƙe da makullin Selwick ɗan Sarki ne a ɓoye, ya hana Majalisa ganimarta, kuma duk rundunarsu da ta biyo ta nan za ta san da zamansa, za ta kuma zo da igiya.

Ranar buɗe fadama dattawa suka zauna a shirayin coci. Gwarzantakar surukina ta riga ta huce, don uwargida Crabtree ta ciyar da laftana kwana da kwanaki kuma ta san wanda ya jawo. Gari ya taru. Na zo da Sibyl, mun riga mun ɗaure 'yan kayanmu. Magaji ya yi jawabi a kan tsufa da hutawa, ya ce a kawo makulli. Barnaby ya ciro shi ya ajiye a kan tebur. Wuyansa ya yi wani iri ba shi.

"Crispin," in ji Magaji. "Matso."

Ba wanda ya matso. Aka waiwaya. Uwar Crispin ta ce tun jiya ya tafi duba wata goggonsa da ba ta da lafiya, a can bakin teku.

"Wace goggo?" in ji Magaji.

"Ba ka san ta ba."

Magaji ya share gumi, ya ce to aiki ne mai gida a haɗe, wa ke so. Maƙeri ya ce bayansa na ciwo. Mai gidan niƙa ya ce dabbobi ba sa jituwa da shi. Wani masaƙi da ya shekara yana kukan rufinsa na yoyo ya ce ya saba da yoyon. Kowa idonsa na kan makullin, kowa hannunsa na bayansa, wasu ma na shafa wuya ba su sani ba.

"Miles Haddow," in ji Magaji, "kai matashi ne, ga ka da karatu."

"Ranka ya daɗe, kai da bakinka ka ce ko kaza ba za a ba ni tsaro ba."

"Mutum yana canzawa."

"Ni ban canza ba. A tambayi kowa."

Aka yi ta zama har limamin coci ya fara gyangyaɗi. Daga ƙarshe Magaji ya sa yatsa ɗaya ya tura makullin ta kan tebur, a hankali, har ya isa gaban Barnaby.

"Ka riƙe tukuna. Zuwa yaƙi ya ƙare."

Barnaby bai taɓa shi ba. "Bangon ɗakin girki na gari ne."

"Za a gyara."

"Kafin sanyi."

"Kafin sanyi."

Sannan ya ɗauka ya rataya, ya sa hula, ya fita. Mutane suka dare masa hanya, da faɗi fiye da yadda ake dare wa Magaji.

A gidan aka haifi 'yarmu, kuma har yau muna ciki. Sojoji sun sha wucewa ta kusa, na Sarki da na Majalisa, Allah bai sa wani ya tuna da alkawarinsa ba tukuna. Idan aka ji ganga daga nesa, mutanen Selwick daga tsallaken kogi suke gaida surukina, shi kuma bai ga wani bambanci ba, yana nan yana zagaya shingaye da sandarsa. Sibyl ce ta fara lura da abin da Magaji ya ce, zuwa yaƙi ya ƙare. Duk Lahadi liman yana roƙon Allah ya kawo zaman lafiya a ƙasar nan, coci ta ɗauka da amin. Ni ma ina cewa, don ba na son a kashe kowa. Sai dai tawa ba ta fita da ƙarfi, ta Sibyl kuwa ban taɓa ji ba.